Saurayi da Tsohuwa: Waiwaye a Kan Fim Ɗin "Harold and Maude"

A ranar 20 ga Disamba, 1971, kamfanin Paramount ya fitar da wani fim a Amurka wanda kusan kowa ya juya wa baya. Jin labarinsa kaɗai ya isa ya mayar da mai sayen tikiti gida. Saurayi ne ɗan masu kuɗi, bai wuce shekara 20 ba, babu abin da ke ɗaukar hankalinsa irin mutuwa, ya kamu da son wata tsohuwa mai shekara 79, kuma a wajen jana'izar mutanen da ba su sani ba suka fara haɗuwa. A kan wannan aka ce jama'a su zo su yi dariya, ana saura kwana biyar Kirsimeti. Masu sharhi a jaridu suka yi masa kaca-kaca. Roger Ebert, wanda daga baya ya zama babban mai faɗa a ji a harkar sharhin finafinai a ƙasar, tauraro ɗaya da rabi ya ba shi cikin huɗu. Ba a daɗe ba aka sauke shi daga yawancin gidajen sinima.

A 1997 kuwa, Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa "Harold and Maude" cikin finafinan da ƙasa za ta adana saboda darajarsu. A 2000 Cibiyar Finafinai ta Amurka ta ba shi matsayi na 45 cikin finafinan barkwanci 100 da ta zaɓa. Fim ɗin yana nan yadda daraktansa Hal Ashby ya bar shi. Masu kallonsa ne suka sake, har yanzu kuma suna kan sakewa, domin abin da ya tayar wa mutane da hankali a 1971 daban ne da abin da ke tayar musu da hankali yau idan suka kalle shi.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda labarin yake. Harold Chasen yana zaune da mahaifiyarsa a wani tanƙamemen gida a yankin San Faransisko. Ba a nuna uba, ba a nuna ɗan'uwa, ba a nuna aboki. Sana'arsa ɗaya ce: shirya mutuwar ƙarya don mahaifiyarsa ta gani. Tun a farkon fim ta shigo ɗaki ta same shi kamar gawa, ta dube shi, ta ɗauki tarho ta ci gaba da shirya harkokinta, sannan ta tuna masa lokacin cin abincin dare ta fita. Ta saba. Da ta saya masa tsaleliyar mota Jaguar, sai ya shiga gareji ya mayar da ita motar ɗaukar gawa. Da ta ga abin ya ishe ta, sai ta yanke cewa aure ne maganinsa, ta nemo takardar wani kamfani da ke haɗa samari da 'yan mata ta kwamfuta. A nan ne aka yi ɗaya daga cikin fitowar da ta fi ciwo a fim ɗin: ta zauna tana karanta masa tambayoyin da ƙarfi, tana amsa su da kanta, da nata ra'ayin, shi kuwa yana zaune a gabanta ko kallonsa ba ta yi. 'Yan mata uku aka turo, ya tarbi kowacce da nasa wasan ban tsoro.

Maude kuwa a tsohon taragon jirgin ƙasa take zaune, cike da tarkacen da ta tara a duniya. Duk motar da ta gani a bakin titi tata ce, ta shiga ta figa a guje. Ta ga wata ƙaramar bishiya tana shan hayaƙi a tsakiyar gari, ta sa Harold suka tone ta suka kai ta daji suka dasa, ɗan sandan da ya tare su a hanya kuma a ƙarshe babur ɗinsa ta hau ta bar shi tsaye. Ta koya masa rawa, ta koya masa waƙa, ta ba shi banjo, wani molon Amurkawa da asalinsa ya tashi daga Afirka ta Yamma, ta ce kowa ya kamata ya iya kaɗa wani abu. Ita ce mutum ta farko da ta tambaye shi dalili kuma ta tsaya ta saurari amsa. Ya gaya mata cewa yana makarantar kwana wani abu ya fashe a ɗakin gwaje-gwaje, 'yan sanda suka zo gida suka ce wa mahaifiyarsa ya mutu, shi kuma yana laɓe yana kallo ta zube. Ranar ce kaɗai ya ga alamar yana da wani muhimmanci a wajenta, tun daga nan ya zaɓi zama matacce.

Ba a fahimtar wannan yaro sai an tuna shekarar da aka yi fim ɗin. Amurka tana tsundum cikin yaƙin Biyetnam, yaƙin da ya ci sojojinta fiye da 58,000, kuma ana ɗibar samari aikin soja dole. A watan Mayun 1970 dakarun tsaron jiha suka harbe ɗalibai huɗu a Jami'ar Kent da ke Ohayo lokacin zanga-zangar ƙin yaƙi. Tsakanin matasa da iyayensu an ja daga. Shi ya sa kawun Harold, wani janar mai hannu ɗaya da ke yi masa huɗubar daɗin yaƙi, ba abin dariya kaɗai ba ne ga samarin wancan zamani. Irinsa ne ke sa hannu a takardar da za ta kai su daji. Akwai inda Maude ta tambayi Harold wane fure yake so ya zama, ya nuna wasu ƙananan fararen furanni ya ce don duk iri ɗaya ne. Ta tsinko ɗaya ta nuna masa cewa kowanne da nasa fasali. Daga nan kyamara ta ja baya, filin furanni ya koma maƙabartar sojoji, fararen duwatsun kaburbura jere reras har iyakar gani. Ashby, wanda tun kafin ya zama darakta ya ci kyautar Oscar a aikin tace hoto na fim ɗin "In the Heat of the Night", ya san yadda ake sa hoto biyu su faɗi abin da baki bai faɗa ba.

Matasan nan su suka ceci fim ɗin. A garin Edina da ke gefen Minneapolis, wani ƙaramin gidan sinima mai suna Westgate ya fara nuna shi a 1972, bai sauke shi ba sai 1974, bayan ya haska shi kusan sau 2,000. Ɗalibai suka riƙa komawa suna jan abokansu. A Faransa aka mayar da labarin wasan daɓe, Jean-Claude Carrière ya juya shi zuwa Faransanci, Madeleine Renaud ta fito a matsayin Maude, aka yi ta yin sa a birnin Faris shekara da shekaru. Sai a 1983, shekara 12 bayan fitowarsa, fim ɗin ya fara kawo riba. Wannan ma wani abu ne da zamani ya tafi da shi. A da fim yana iya faɗuwa ya kwanta, wani mai gidan sinima mai taurin kai ya riƙe shi har masoyansa su gano shi. Yau kuwa a makon farko ake yanke wa fim hukunci, a intanet kuma wanda ba a danna ba sai ya nutse ƙarƙashin dubban wasu. Labarin da Colin Higgins ya rubuta yana ɗalibi a jami'ar UCLA, da yanzu ya fito, ina shakkar a ba shi shekara 12 ya nemo mutanensa.

Abin da ya fi ɓata wa masu sharhin 1971 rai shi ne soyayyar. Fim ɗin bai nuna komai ba in ban da wayewar gari, tana barci shi kuma yana zaune kusa da ita fuskarsa a sake, amma wannan ya isa. Ashby ya san haka za a yi, har ya sa masu ƙyamar a cikin fim ɗin tun kafin su fito a jarida. Da Harold ya ce zai aure ta, aka jero maza uku suna yi masa faɗa: kawunsa ga hoton Shugaba Nixon a bayansa, likitan ƙwaƙwalwa ga hoton Freud, limamin coci ga hoton Fafaroma, shi na ƙarshen yana kwatanta tsufan jikinta har yana neman yin amai. A nan ina tare da fim ɗin ɗari bisa ɗari. Hollywood ɗin da ta ji ƙyamar wannan ita ce a 1957 ta haɗa Gary Cooper mai shekara 56 da Audrey Hepburn mai shekara 28 a fim ɗin soyayya, aka tafa. Tsufan namiji kwarjini ne, tsufan mace abin ɓoyewa. Mu ma nan ba mu kuɓuta ba. Dattijo ya auri sa'ar jikarsa a ce Allah ya sanya alheri, amma bazawara ta auri wanda ta girma da shekara biyar sai unguwa ta ɗauka, alhali kowa ya san Nana Khadija ta girmi Manzon Allah (SAW), kuma bai haɗa ta da kowa ba har ta rasu.

Duk da haka, a ganina aure da kwanciyar ba su ne ƙashin bayan labarin ba, kuma Bahaushe ya fi Ba'amurke damar ganin haka. Mu muna da wasan kaka da jika. Tsohuwa ta kira jikanta angonta ko maigidanta, ta tambaye shi ina cefane, shi kuma ya ce ya sake ta ya auri sabuwa, a yi dariya. A ƙarƙashin wasan nan akwai hikima babba. A gidan da uwa ke kunyar ɗan fari har ba ta kama sunansa, uba kuma sai gaisuwa daga nesa, ɗakin kaka ne inda yaro ke faɗin abin da ke cikinsa ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Ita ta wuce shekarun tsoron abin da mutane za su ce, shi bai kai shekarun ɗaukar nauyi ba, sai suka haɗu a tsakiya. Abin da Harold ya rasa ke nan, shi kuma ya samu a tarago. Al'ummar da ya tashi a ciki ba ta tanadi wani gurbi na irin wannan kusanci tsakanin saurayi da tsohuwar da ba ta haife shi ba, don haka da zuciyarsa ta cika, sunan da ya sani kaɗai ya ba abin, ya sayo zobe. Ita kanta Maude, in an lura, ba ta taɓa neman auren ba.

A 1971 kaɗaicin Harold ciwon 'ya'yan masu kuɗi ne, abin mamaki da za a zo a kalla. Neman mata ta kwamfuta kuwa raha ce. Yau miliyoyin mutane ta manhajar waya suke neman abokin zama, Birtaniya ta naɗa ministar kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021, a 2023 kuma babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da gargaɗi cewa kaɗaici ya zama annoba. Harold ya tashi daga baƙon halitta ya zama yaron maƙwabta. A biranenmu ma an fara ganinsa. Aiki ya raba mutane da babban gida, an koma gidan haya mai ɗaki biyu da dogon katanga, kaka tana ƙauye sai da Sallah, yaro yana ɗaki ya rufe ƙofa da waya a hannu. Iyaye suna biyan kuɗin makaranta, suna sayen sutura, kamar yadda mahaifiyar Harold ta sayi Jaguar, suna kuma cika wa 'ya'yansu takardar rayuwa da nasu amsoshin. Lokacin da nake saurayi, matar nan dodo ce a idona. Yanzu da na ga sa'o'ina sun zama iyayen samari, tausayinta nake ji, domin ba mugunta ce ke damunta ba; ba ta san yadda ake zama a saurari yaro ba, kuma babu wata tsohuwa a gidan da za ta karɓe ta.

Akwai wani abu a fim ɗin da bai wuce daƙiƙa biyu ko uku ba, da yawa daga masu kallon farko ma ba su lura da shi ba. Suna zaune a bakin ruwa da yamma, Harold ya riƙe hannunta, sai ya ga lamba a zane a fatar damtsenta. Bai ce komai ba, ita ma ba ta ce ba, fim ɗin bai sake komawa kai ba. Irin wannan lamba a sansanin gwale-gwale na Auschwitz 'yan Nazi suka riƙa zana wa fursunoni. Kafin nan ta ɗan taɓa labarin ƙuruciyarta a Biyenna da wani mijinta Frederick, muryarta ta karye ta bar zancen. Da wannan lamba komai nata ya sake ma'ana. Satar mota da raina ɗan sanda da ƙin riƙe dukiya ba gigin tsufa ba ne. Mace ce da ta ga ranar da hukuma da doka da kaki suka haɗu suka kwashe mutane zuwa halaka, ta ga an raba mutum da duk abin da ya mallaka cikin dare ɗaya. Shi yana wasa da mutuwa, ita ta kwana da ita a ɗaki ɗaya. A 1971 shekara 26 kacal da buɗe ƙofofin Auschwitz, irin su Maude suna nan a kasuwa da tashar mota, saurayi yana iya zama kusa da ɗaya a benci bai sani ba. Yau waɗanda suka shiga sansanonin nan da girmansu kusan duk sun tafi, saura waɗanda suka shiga suna yara, su ma sun haura 80. Daƙiƙun nan uku sun fi nauyi yanzu fiye da ranar da aka ɗauke su.

Daga nan ne nake rabuwa da fim ɗin. Daren da ta cika 80, Harold ya ƙawata mata tarago da furanni zai ba ta zobe, sai ta gaya masa cikin murmushi cewa ta riga ta sha abin da zai kashe ta, kafin tsakar dare ta tafi. Tun farko ta sha faɗin cewa 80 ta isa. Ya garzaya da ita asibiti, ba a ceto ta ba. Ya tuƙa motar gawarsa ta faɗa daga kan dutse, sai aka gan shi a sama tsaye da ransa, yana kaɗa banjo yana tafiya. Fim ɗin yana so mu ɗauki mutuwarta a matsayin darasi na ƙarshe, kyautar da ta 'yanta shi. Ban karɓi wannan ba. A matsayina na Musulmi, rai amana ce, ba mallakar mai ɗauke da ita ba. Ko an ajiye addini gefe, lafiyarta lau, tana tuƙi tana rawa, kuma ta san sarai cewa yaron da ke gabanta a bakin rami ta tsince shi. Wanda ya san abin da kisan kai ke bari a zukatan waɗanda aka bari, ya san ba da kiɗan molo ake tashi washegari ba. Idan akwai karatun da zai sa in fahimce ta, shi ne cewa raunin lambar nan bai taɓa warkewa ba, duk rawar rufi ce a kansa. An ga haka a zahiri: marubuci Jean Améry, haifaffen Biyenna wanda ya fito daga Auschwitz da rai, ya kashe kansa a 1978. Amma wannan abin kuka ne, fim ɗin kuwa ya yi masa ado.

A nan ma zamani ya juya, ta fuska biyu masu karo da juna. Wasan mutuwar Harold da aka yi wa dariya a da, yau da wuya wani babban kamfani ya yarda a ɗauke shi haka. A 2019 sai da Netflix ya cire wata fitowa ta kisan kai daga shirinsa na matasa "13 Reasons Why" bayan ƙorafin likitoci. Mutuwar Maude ta gaske kuwa, hanyarta ake ta sharewa. Holan ta halatta wa likita taimaka wa majiyyaci ya mutu a 2002, Kanada a 2016, Kalifoniya ma, inda aka ɗauki fim ɗin, dokarta ta fara aiki a 2016 ga masu ciwon ajali. Ana tsoron kada matashi ya tafi, ana sauƙaƙa wa tsoho tafiya. Wannan yana damuna, domin a ƙarƙashinsa akwai tunanin cewa amfanin tsoho yana ƙarewa, alhali fim ɗin kansa ya shafe awa ɗaya da rabi yana nuna cewa ran wani saurayi a hannun wata tsohuwa yake.

Muryar da ke rakiyar labarin daga farko har ƙarshe ta wani mawaƙin Landan ce mai shekara 23, Cat Stevens, wanda shi ma tarin fuka ya kusa kai shi kabari kafin nan. Yawancin waƙoƙin daga fayafayansa biyu na 1970 aka ɗebo su, ya kuma rubuta sababbi biyu musamman don fim ɗin, duk suna kiran mutum ya saki jiki ya zama abin da yake so. Shekara shida bayan fitowar fim ɗin, a Disamban 1977, ya karɓi Musulunci, ya zama Yusuf Islam, ya ajiye jita kusan shekara 30. Da yawa daga cikinmu da wannan sunan muka fara saninsa, ta waƙoƙin koya wa yara addini, ba mu san ya taɓa rera wa Harold da Maude ba. Ba na cewa ya yi watsi da fim ɗin. Abin da na gani shi ne, tambayar da ta dami Harold ta dame shi shi ma, ya rera amsar Maude da bakinsa, sannan ya ci gaba da nema har ya samu wadda ta zaunar da shi.

Ga mai son gani, fim ne da ya cancanci kallo, na manya ne, kuma ban ba wanda ke cikin ƙuncin rai shawarar ya kalle shi shi kaɗai ba. Bud Cort ya yi Harold da kyau har rawar ta bi shi tsawon rayuwarsa, Vivian Pickles ta yi uwar da ba a mantawa, amma fim ɗin na Ruth Gordon ne. Higgins da Ashby duk sun rasu a 1988, ɗaya yana da shekara 47, ɗaya 59. Ita kuwa Gordon, da ta yi Maude tana da shekara 74, ba ta bi shawarar Maude ba. Ta ci kyautar Emmy a 1979 tana da shekara 82, ta ci gaba da fitowa a finafinai har ta rasu a watan Agustan 1985 tana da shekara 88. Mijinta, marubuci Garson Kanin, wanda ta girma da shekara 16, yana tare da ita tun aurensu a 1942 har ranar da ta cika.